Wasan Bayan Rumfa

Daga Baba zuwa ga ɗansa, mai walda a wurin ginin madatsar ruwa

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, da fatan wutar walda ba ta cinye maka idanu ba. Mu nan lafiya lau, in ka cire gwiwata ta hagu, wadda ke sanar da ni ruwan sama tun kafin hadari ya haɗu.

Akwai wani labari da na ji tun ina sabon alƙalin wasa, usur ɗina yana ƙyalli. Wani mai ɗaga mini tuta a gefen fili ne ya ba ni shi muna canja kaya. Wai an taɓa shirya gasar ƙwallo ta ƙananan yara, aka yi ta fafatawa tun safe har aka kai wasan ƙarshe. Aka goge kofi, aka jera kujeru, aka yi kira a lasifika, sai aka nemi yaran aka rasa. Ba ƙungiya ɗaya ba, duka biyun. Ƙarshenta wai a bayan rumfar 'yan kallo aka same su, sun cakuɗe suna buga wata ƙwallon tasu, duk kiran da ake yi ko waiwaye ba su yi ba. Na ce masa, "Kai dai rana ce ta dake ka a bakin layi." Bayan shekaru mai askina ya sake ba ni labarin, amma a nasa har da akuya a tsakiyar fili. Ban yarda ba, har yau. Wanda ya tsufa da usur a baki ya san ɗan Adam ba ya barin kofi a kan tebur ya yi gaba, ko da kuwa bai gama famfara ba.

Abin da ya tuno mini da shi, kocin su ɗanka Tsinke ya sa su a gasar 'yan ƙasa da shekara takwas, kuma shi Tsinken ne mai tsaron gida. Safar hannun da ka aiko ta iso. Tana da kyau ƙwarai. Na gwada, ta kusa yi mini daidai.

Kocin nan ka san shi, yaro ne mai kirki. Da, barinsu yake yi su bi ƙwallo kamar 'yan tsaki an watsa musu tsaba, shi yana dariya. Yanzu ya samo wani allo mai maganaɗisu, yana tura 'yan ƙarafa sama da ƙasa yana cewa, "Kai, riƙe layinka!" Wanda ake ce wa ya riƙe layi kuwa bai iya ɗaure igiyar takalminsa ba tukuna.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka san kunnuwana sun yi ritaya kafin ni. To bangon ɗakina shi ne bangon tsakar gida, kuma tun da yaron nan ya iya tsayuwa, in ya dawo makaranta sai ya buga ƙwallo a bangon ya cafe, ya buga ya cafe. Ba na jin ƙarar. Amma in na jingina bayana, ina jin dukan a cikin ƙashina, dum, dum. Da shi nake sanin yaro ya dawo, da shi nake sanin ya ci abinci, har ranar da malaminsu ya yi masa faɗa ina ganewa daga nauyin bugun. Tun da aka fara shirin gasar nan bango ya yi shiru. Ƙwallon tana ƙarƙashin gado. Na tambaye shi, ya ce, "Kaka, koci ya ce kar mu gajiyar da kanmu." Ya faɗa yana kallon yatsun ƙafarsa.

Ban ce a cire shi ba, ban ce a bar shi ba. Ɗanka ne. Na dai gaya maka bayana ya yi kewar duka.

Tunda wurin naku sai an hau tudu ake samun waya, ni kuma ko an samu ba ji zan yi ba, zan ba direban motar simintinku wannan takarda. Allah ya yi maka albarka, ya tsare.

Mahaifinka.


Daga ɗan zuwa ga Baba

Assalamu alaikum Baba.

Na gaishe ka da kyau. Takardarka ta same ni lafiya, Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ka riƙa shafa maganin nan, kar ka ajiye shi a kan taga yana kallonka.

Baba, da girmanka, zamani ya canja. Yanzu ba a jira yaro ya girma kafin a san abin da zai zama. Akwai wani mai tuƙa mana kuren, injin ɗaga kaya, ɗansa a irin wannan gasa masu makarantar koyon ƙwallo suka gan shi, yanzu su ke ci da shi, su ke karantar da shi. An ce suna turo mutum kowace gasa. In Tsinke bai fito an gan shi ba, wa zai zo tsakar gidanmu ya kalle shi yana dukan bango?

Shirun da ka gani ba komai ba ne, hankali ne ya fara shigarsa. Ɗan tsoro kaɗan yana gyara yaro. Mu ma nan in ba ka tsoron wuta ba za ka iya walda ba. Ni da an matsa mini ina ƙarami, wataƙila da yanzu ba ƙarfe nake narkarwa a jeji ba.

Safar da gangan na sayi babba, don ya daɗe yana sawa. Hannun yaro ba ya tsayawa.

Ka gaya masa na ce ya tsaya da kyau, kar ya bari ko ɗaya ta wuce. Ka ce masa duk mutanen sansaninmu sun san ɗana gola ne, suna jiran hoton kofi.

A gaida mutan gida. Sai na ji daga gare ka.

Ɗanka.


Daga mahaifiyar Tsinke zuwa ga mijinta

Assalamu alaikum, Abban Tsinke.

Ina gaisuwa, ya aiki, ya zafin wurin. Yanzu na dawo daga asibiti, ƙafafuna a cikin ruwan ɗumi nake rubuta maka, don haka ba zan ja zance ba.

Baba ya karanta wa yaron saƙonka, har da "kar ka bari ko ɗaya ta wuce." Washegari ya tashi da ciwon ciki. Na auna shi, ba zazzaɓi. Na danna cikin, ba komai. Shekara nawa ina aikin jinya, na san ciwon cikin da magani ke yi wa aiki, na san wanda ke zuwa ranar atisaye kaɗai ya tafi ranar da babu. Jiya ya yi amai a bakin ƙofa da takalmin ƙwallo a ƙafarsa.

Safarka kuwa, ka san inda na tsince ta? A bayan tankin ruwa, an danne ta da bulo. Da na fito da ita bai yi musu ba. Cewa ya yi, "Umma, in aka ci ni, sai an mayar wa Abba da ita?" Ka ba ni amsar da zan ba shi, tunda kai ka san zamani.

Yaron da ke kwana da ƙwallo a hammata, yau in an nuna wasa a talabijin tashi yake yi ya bar ɗakin. Shekararsa bakwai fa. Mutanen sansaninku da ke jiran hoton kofi, su haifi nasu golan.

Ga magana ɗaya. Na yarda ya je gasar, don Baba ya ce zai raka shi, ni ranar ina bakin aiki. Amma in ya dawo mini yadda ya tafi, ko fiye, wallahi ƙwallon da takalmin da safar duk zan miƙa wa yaran maƙwabta, zancen ƙwallo ya ƙare a gidan nan har sai ya yi gemu. Ba shawara nake nema ba, sanarwa ce.

Na sa maka man ido a cikin ledar nan. Ka riƙa ɗigawa. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka.


Daga Baba zuwa ga ɗansa

Assalamu alaikum.

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan alheri. Wannan takarda ta daɗe a hannuna, har motar siminti ta zo ta koma ban gama ba. Ina rubutawa ina ajiyewa, don abin da na gani ya fi ƙarfin birona. Ka nemi wuri ka zauna.

Da farko, zancen da an matsa maka da ka zama ɗan ƙwallo. Na ga wasanka kana yaro. Ka gode wa Allah da ya yi walda.

Mun isa da hantsi. Babban fili ne aka yanka gida huɗu da igiya, ragogin na bututun roba, iska kaɗan sai su rusuna. Yara kamar fara, amma iyaye sun fi su yawa, sun kuma fi su gumi. Akwai wata mata da ta zo da murfin tukunya da ludayi, ni da ba na ji ma na ji ta. Akwai wani mai tumbi da ke bin layi da gudu, yana riga ɗansa isa raga. Mutumin makarantar koyon ƙwallon ma na gan shi, da baƙin tabarau a ƙarƙashin lema. Wayarsa ta samu kallo sosai. In ita za su ɗauka, ta ci.

Wasan farko su Tsinke suka ci, ƙwallo sau ɗaya ta zo wurinsa, ita ma gaisuwa ta kawo. Na biyu aka yi canjaras. Haka dai har wasan kusa da na ƙarshe, suka haɗu da masu jar riga. A cikinsu akwai wani yaro da ake kira Buldoza. In ya tsaya kusa da Tsinke sai ka ce tulu da muciya. Tun da ya shigo iyayen ɓangarenmu suka fara, "Wannan ai ya isa aure!" "A tambaye shi 'ya'yansa nawa!"

Ana gab da tashi, ba wanda ya ci wani, Buldoza ya buga wata ƙwallo marar ƙarfi, tana tafe tana hutawa. Tsinke ya durƙusa daidai, ya sa hannu daidai. Amma yatsun safar sun fi nasa tsawo, suka lanƙwashe, ƙwallon ta silale ta tsakanin ƙafafunsa ta shiga raga a hankali kamar mai sallama. Ban faɗa don in ɗora maka ba. Abin da na gani ne na gaya maka.

Koci ya jefar da allonsa. Mai tumbi ya ɗora hannu a ka yana ihu, na karanta bakinsa, "Ƙofa a buɗe!" yake cewa. Aka tashi. Kafin in miƙe da gwiwar nan, yaro ya ɓace.

A ƙarƙashin rumfar 'yan kallo na same shi, cikin ƙarafa da robobin ruwa, ya cusa fuska a cikin safar. Na zauna kusa da shi. Na yi alƙalancin manya, na ga ƙato mai gemu yana kuka, ina da abin da nake ce musu. Na laluba, ban samu ko ɗaya da ya yi daidai da ɗan shekara bakwai ba. Na ce a raina, shi ke nan, uwarsa ta yi gaskiya, yaran maƙwabta sun samu ƙwallo.

Ashe a can waje kocinmu ya kai ƙara, wai Buldoza ya wuce shekaru, a kore su a ba mu wasan ƙarshe. Manya duka suka yi wa teburin shugaban gasar zobe. Aka kawo takardar haihuwa, aka ce ta bogi ce. Har wani ya ce yaron ya buɗe baki a duba haƙoransa, ya buɗe, suka leƙa. Da gardama ta yi zafi suka manta da shi, ya sulale. Ina zaune sai ga shi ya sunkuyo ƙarƙashin rumfar, majina har leɓe. Wurin kuka yake nema, ya tarar an riga shi.

Suka kalli juna. Kusa da ni suke, don haka na ji.

"Kai ne golan nan?"

Tsinke ya gyaɗa kai.

"Ba can na nufa ba ma. Gefe na nufa." Ya ja majina. "Shekarata bakwai. Ci ne kawai da ni."

Tsinke ya ce, "Sun ce kana da mata."

"Ƙarya suke."

Sai ga wata ƙwallo ta gangaro daga wani fili, ba mai binta, masu ita suna wurin shari'a. Buldoza ya taka ta. Ya ce, "Zo ka tare mini." Ɗanka ya zare safar, ya miƙo mini, ya ce, "Kaka, riƙe."

Bayan rumfar wurin ajiye motoci ne, tsakuwa ce zalla. Ba raga, don haka kowannensu ya tuɓe rigar ƙungiyarsa, ja nan, shuɗiya can, suka zama turaku. Na jingina da wata mota ina kallo. Yaran da aka fitar tun safe suna zaune a rana suna jiran motocinsu, suka taso ɗaya bayan ɗaya. Sai masu koren riga, waɗanda su ne ke jiran wasan ƙarshe, su ma suka zo. Ba wanda ya kafa doka na ji, amma duk wanda zai shiga sai ya tuɓe rigarsa ya jefa a kan tulin, ya shiga da singileti. Wata 'yar yarinya da ta rako yayanta ba ta da rigar ƙungiya, ta ajiye takalminta ɗaya, aka karɓa. Kafin ka ce me, tuli huɗu sun tashi kamar suri, kowane launi a ciki.

Ɗana, na yi zaton na san ƙwallo. Duk rayuwata na ɗauka in aka cire ni daga fili, kafin a sha ruwa an fasa wa wani kai. To ga yara sun fi arba'in a kan tsakuwa, ba layi, ba usur, ba riga. Na daɗe kafin in gane tsarinsu. Duk wanda ya ci, sai ya tsallaka ya koma ɓangaren da aka ci, don kar a fi ƙarfinsu. Wani ya kwashe ƙafar wani, wasa ya tsaya cak da kansa, mai laifin ya ɗaga shi, ya hura masa gwiwa, ya ba shi ƙwallon, aka ci gaba. Ba sandar sama, don haka in ƙwallo ta bi ta sama, gola ne zai miƙe ya ɗaga hannu ya faɗi ko hannunsa zai kai. Aka buga wa Tsinke irin wannan. Duk suka juyo suna kallonsa. Ya miƙe a kan yatsun ƙafa, ya ɗaga hannu, ya yi tunani, ya ce, "Ta shiga." A kansa fa. Ba wanda zai ƙaryata shi da ya ce ta wuce. Na tuna manyan mutanen da suka rantse mini da iyayensu a kan ƙwallon da duniya ta ga ta fita.

An ci shi da yawa, ya tare da yawa. Ba wanda ke ƙirgawa.

Ban san yadda shari'ar tebur ta ƙare ba. Na dai ga jama'a sun zagayo kwanar rumfa gaba ɗaya, shugaban gasar a gaba da lasifikar hannu, sai suka yi turus. Ya yi kira, ya sake kira. Ko waiwaye. A nan ne na tuna da mai ɗaga mini tuta, Allah ya ji ƙansa, na ce yau ga ni a cikin labarinsa tsundum.

Shugaban ya gane ni, na taɓa ba shi jan kati yana saurayi. Ya matso kunnena ya ce, "Alƙali, don Allah taimaka, babban baƙo zai tafi. Ka hura musu, kai za su ji." Ka san usur ɗin nan ba ya barin aljihuna. Na fito da shi, na sa a baki, na cika ƙirji.

Daidai lokacin Buldoza ya ratsa kowa, daga shi sai Tsinke. Wannan karon bai nufi gefe ba. Ya sake ta da duk abincin da ya ci. Ɗanka ya tashi sama ta hagu, jikinsa ya miƙe a iska, wallahi na ga hasken rana ta ƙarƙashinsa, ya cafe ta da hannu tsirara, ya faɗi a kan tsakuwa da ita a ƙirji. Ya tashi yana dariya, giɓin bakinsa a waje. Buldoza ya zo ya ɗaga shi sama kamar jaka.

Iskar da na tara ta fita ta hanci. Na ga hannuwana biyu sun miƙe gaba da kansu, alamar da muke yi in muna nufin wasa ya ci gaba.

Shugaban ya ce, "Baba, mene ne haka?"

Na cire usur na ce, "Ba a tsayar da wasa sai an yi laifi. Nuna mini laifin."

Ya duba, ya duba. Ya sauke lasifikarsa. Mai tumbi ya sa hannu a baya, yana neman ɗansa a cikin singileti arba'in. Mai murfin tukunya ta fara kaɗawa, wannan karon don kowa. Kocinmu ya zo ya tsaya kusa da ni, allo a hammata, ya ce a kunnena, "Ban san yana faɗuwa ta hagu ba." Na ce, "Bango ya sani."

Wasu sun yi ƙoƙarin rarraba rigunan, amma ka ciro ja ka nemi mai ita, yana can yana gudu. Rana ta yi sanyi, babban baƙo ya shiga motarsa, direbobi suka fara oda. Na ga kofin da idona ana mayar da shi kwalinsa.

Kar ka tambaye ni ko gasa tana da amfani ga yara. Ita ta kai shi ƙarƙashin rumfa, ita ce kuma ta tara masa yara arba'in a bayanta. Ni dai na san ɓangaren da zan ajiye kujerata.

A mota ya yi barci a cinyata, sanye da rigar wata ƙungiya mai ruwan ɗorawa da ko karawa ba mu yi da su ba. Uwarsa ta ga tafukan hannunsa duk a kuje. Ta wanke, ta naɗe. Har yanzu ba ta yanke hukunci ba. Bango ma har yanzu shiru, ƙwallon tana ƙarƙashin gado. Ina jingine ina jira.

Allah ya tsare ka, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.


Daga ɗan zuwa ga Baba

Assalamu alaikum Baba.

Ina gaisuwa. Mota ta zo ba takardarka, ba ta uwar Tsinke, hankalina bai kwanta ba. Yaya gasar? Ko mai daɗi ko marar daɗi a gaya mini.

Abin dariya, direban bai kawo takarda ba amma ya kawo labari. Wai a tasha ya ji, a wani gari an yi gasar yara, aka nemi 'yan wasan ƙarshe aka rasa, aka same su a bayan rumfa sun yi raga da rigunansu. Wai yara ɗari biyu. Wai akwai wani siririn gola da ba ya sa safa, ya tashi sama ya daɗe bai sauko ba. Wai an kawo wani tsohon alƙali mai shekara ɗari ya hura usur, usur ɗin ya ƙi kuka. Na ce masa, "Malam, wannan labarin ya girme ka. Babana ya ji shi tun kafin a haife ni, shi ma bai yarda ba." Mai dafa mana abinci ya ce ƙarya ne, kawunsa ne ya gani da idonsa shekarun baya. Kowa da nasa.

Amma ka ji abin da ya biyo baya. Muna ta musu bayan an tashi aiki, sai mai kuren ya dunƙule takardun buhun siminti ya ɗaure da waya, ya jefa tsakiyarmu. Muka cire hulunan kwano muka yi raga. Baba, har injiniya ya shiga. Na yi shekaru ban taɓa ƙwallo ba. An zura mini ƙwallo ta tsakanin ƙafa, sansani duka suka kwashe da dariya, ni ma na yi har na zauna a ƙasa. Yau da ƙyar na hau tsani.

Da na kwanta sai takardar uwar Tsinke ta dawo mini, tambayar nan da ya yi mata. Ban ba ta amsa ba, na rasa ta inda zan fara. Don Allah ka gaya masa safar tasa ce, ko guda nawa aka ci shi. Ka ce hoton kofin ma a bar shi, nasa hoton nake so.

Labarin direba dai ban yarda ba. Yaro ba ya barin kofi.

A gaida kowa da kowa.

Ɗanka.


Daga Baba zuwa ga ɗansa

Assalamu alaikum.

Gaisuwa da fatan alheri. Takardunmu sun yi saɓani a hanya, yanzu na san tawa ta iso ka, ka karanta. Yaran ba su kai ɗari biyu ba, ni ma ban kai ɗari ba, sauran kuwa direba bai yi ƙari sosai ba.

Na isar da saƙonka. Ya saurara, ya ce, "To a ajiye mini ita sai hannuna ya kai." Uwarsa ta sa ta a akwati.

Ka yi haƙuri da rubutun nan, ka ga ya karkace. Jingine nake. Ranar da aka kwance masa bandeji, ina gyangyaɗi, na ji dum a ƙashin bayana. Na ɗauka zuciyata ce ta zo da magana. Sai na ji na biyu. Uwarsa ta fito ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya, ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Ka fasa mini taga ka gani." Hukuncin ke nan. Yaran maƙwabta sun yi asara.

Koci ya ce akwai wata gasa nan gaba. Na tambayi Tsinke ko zai je. Ya ce, "Buldoza zai zo?" Na ce wataƙila. Ya ce, "Wurin yana da bayan rumfa?"

Allah ya dawo da kai lafiya, ka zo ka jingina ka ji.

Mahaifinka.

Af, na manta. Labarin nan, mai ɗaga tuta ne ya fara ba ni, na ce rana ce ta dake shi. Mai aski ya ba ni, na ce akuyarsa ta yi yawa. Na ƙarshen da ya ba ni shi, yana rantsuwa ƙarya ne, kai ne, uban siririn golan.